Maƙalin wuƙar aljihu ya yi sako-sako, mai kaya kuma ya daina ɗaga waya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

 Ina gaida masu sauraronmu na cikin garin Jahun, da na Harbo, da Aujara, da Gunka, har su Miga da Taura, da duk inda muryar nan ta kai. Yau maganar ƙaramin abu za mu yi, ƙarfen da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya sa mutane da yawa asarar kuɗi da ɓacin rai. Ina nufin ɗan ƙarfen nan da ke jikin wuƙa mai naɗewa, irin na murfin biro, wanda ake maƙala ta da shi a bakin aljihu. Wasu na ce masa kilif, ni dai maƙali zan riƙa cewa.

Ƙorafin da ke zuwa mana kusan iri ɗaya ne. Mutum ya ga wuƙa a Facebook ko a sitatus ɗin WhatsApp, ta ba shi sha'awa, ya tura kuɗi, aka ba direba a tasha ya kawo masa. Sati biyu, uku, sai maƙalin ya fara rawa. Ya kira mai kaya, aka ce masa "ɗan ɗaure notin mana". Ya sake kira, aka ce oga ba ya nan. Na uku wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Wani ma kafin ya gama bin bahasi wuƙar ta sulale daga aljihu tana can cikin ruwa.

Kada wani ya ce ai wuƙa ce kawai. A yankinmu wuƙa kayan neman abinci ce. Masunci na yanke igiyar taru da ita, yana gyara kifi. Mai noman rani na farke buhun taki, yana yanka tiyo idan zai haɗa injin ban ruwa. Ɗan kabu-kabu na feƙe waya da ita. Kayan aiki nake magana a kai, ba abin da ɓata-gari ke sokewa a ƙugu ba, kuma duk mai ɗauke da ita ya san jami'an tsaro na iya tambayarsa dalili a kan hanya.

To, shi wannan maƙali ba tsohon abu ba ne. Wani kamfanin Amurka mai suna Spyderco, wanda Sal Glesser ya kafa, shi ya fito da wuƙa mai naɗewa mai maƙali a 1981. Kafin nan irin su Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902, cikin aljihu kawai ake jefa su. Kuma ku lura, waɗanda suka ƙirƙiro maƙalin nan wandon jins suke sawa, mai kaurin baki da tauri. Mu kuwa aljihun gefe ne na kaftani ko 'yar shara, yadi mai laushi, wani lokacin shadda mai santsi. Maƙalin da ya ɗan saki kaɗan, a jins zai iya riƙewa, a shadda kuwa ko sunkuyawa ka yi ta tafi.

Yanzu ku ɗauko wuƙar, mu duba tare. Idan an ce maƙali ya yi sako-sako, ciwo uku ne ake kira da suna ɗaya, kuma maganin kowanne daban.

Na farko, ka kama maƙalin ka girgiza shi hagu da dama. In yana motsi daga gindinsa, noti ne ya kwance. Wannan shi ya fi yawa, shi ya fi sauƙi. 'Yan ƙananan notuna biyu ne ko uku ke riƙe da shi, kuma duk sanda ka zaro wuƙar ko ka mayar, maƙalin na banƙarar su kamar yadda ake banƙare ƙusa da bayan guduma. Ka ƙara da jijjigar babur a kan hanyar burji, kullum, safe da yamma. Dole su kwance, balle idan daga masana'anta an ɗaure su da maiƙo a jiki.

A nan ne mutane ke ɓata wuƙarsu da hannunsu. Ku dubi kan notin da kyau, za ku ga yawanci ba tsaga ɗaya ba ce, ba kuma giciye ba, tauraro ne mai kusurwa shida. Sunansa Torx, an fito da shi a 1967, kuma lamba-lamba ne. Na maƙalin wuƙa galibi T6 ne, wani lokacin T8. Idan ka cusa masa tsinin wata wuƙar, ko sukurudireban da bai dace ba, juyi biyu kan notin ya side, shi ke nan ba ɗaurewa ba kwancewa. Ba sai ka tafi Kano neman abin kwancewa ba. Je ka teburin mai gyaran waya, akwatin ƙananan sukurudirebobinsa da wuya ka rasa waɗannan lambobin a ciki.

Ɗaurewa kaɗai ba ta wadatar, bayan 'yan kwanaki zai koma gidan jiya. Abin da ake yi shi ne a kwance notin gaba ɗaya, a kan farin ƙyalle ko faranti don kada ya ɓace a ƙasa. A goge shi da ramin da auduga mai ɗan sifirit, maiƙon ya fita, a bari ya bushe. Sannan a ɗiga masa ruwan riƙe noti. Wanda aka fi sani shi ne Loctite, wanda wani malamin kimiyyar sinadarai, Vernon Krieble, ya haɗa a Amurka a 1953. Abin mamakinsa, a cikin kwalba ba ya daskarewa, sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta kaiwa sannan ya sandare. Ana tambayarsa a shagunan kayan gyaran mota da injina, irin na Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kwalba ɗaya sai ta ishi unguwa guda.

Amma ku kula da launi, don Allah. Shuɗi, mai lamba 242 ko 243, shi ake so, ko kuma mai launin shunayya, 222, da aka yi musamman don ƙananan notuna. Waɗannan gobe in ka so kwancewa za su kwantu da hannu. Ja, mai lamba 271, ba na wannan aikin ba ne, sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 250 kafin ya saki, kafin nan ƙotar roba ta narke. Kuma ba tuttulawa ake yi ba. Ka ɗiga a takarda, ka dangwalo da tsinken sakace, ka shafa a haƙoran notin. Ka ɗaure har ya zauna, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsaya. Ka ajiye wuƙar kwana ɗaya cur kafin ka mayar da ita aljihu.

Wanda bai samu ba fa? Jan farce na mata yana ɗan riƙewa, bai kai wancan ba amma ya fi babu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sufa gulu. Ruwa-ruwa ne, yana bin saƙo-saƙo ya gangara har inda wuƙar ke juyawa, ka wayi gari ba ta buɗuwa.

Ciwo na biyu, notuna na nan daram amma bakin maƙalin ya ɗaga, ba ya taɓa jikin ƙota. Ya banƙare ke nan, wataƙila ya maƙale a kujerar mota ko an cusa shi a bel mai kauri. Kada ka ce za ka danne shi yana jikin wuƙar, ba zai koma ba, sai dai ka wahalar da notuna. Cire shi, naɗe shi da ƙyalle, kama gindin da filaya, ka lanƙwaso shi ciki kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Sau ɗaya ko biyu. Ƙarfe in ana kai shi ana dawo da shi karyewa yake.

Na uku shi ne mugun. Kana juya noti yana ta juyawa ba ya kamawa. Haƙoran cikin ramin ne suka cinye, kuma hakan ya fi faruwa a wuƙaƙen da aka huda ramin cikin roba ko alminiyam mai laushi maimakon ƙarfe. In wuƙar na da wasu ramukan a ɗaya gefen, mayar da maƙalin can. In babu, gaskiya ba gyaran gida ba ne. Kuma idan sabuwar wuƙa ta zo a haka, ba laifinka ba ne, aibi ne daga wajen ƙira.

Wannan ya kawo mu kan mai kaya, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Idan wuƙar sabuwa ce, kada ka taɓa ta da gam ko filaya sai ka fara yi wa wanda ya sayar maka magana. Da zarar ka gyara da kanka ka ba shi ƙofar fita, zai ce ai kai ka ɓata. Ɗauki bidiyo gajere, a ga maƙalin na rawa, a ga notin na juyawa. Ajiye alat ɗin banki, da hoton tallar da ya saka, da hirarku. Kuma ka yi ƙorafin a rubuce ko da muryar WhatsApp, don kiran waya iska ke ɗauke shi. Ka faɗi abin da kake so a fili: a gyara, a canza, ko a dawo da kuɗi, zuwa rana kaza. Ba zagi. Wanda ya fara zagi ya sauƙaƙa wa mai kaya, sai ya bar maganar wuƙa ya koma maganar rashin kunya.

Sau da yawa amsar ita ce "kayan da aka saya ba a dawowa da su", wasu har a rasit suke bugawa. To jama'a, wannan rubutun bai fi ƙarfin doka ba. Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye dama, cikin wata uku da karɓar kaya, ya mayar da su idan suna da aibi ko ba su kai ingancin da ya kamata ba, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar na wuyan mai sayarwa. Shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya biya. Hukumar na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, jihar Kano ma na da tata hukumar kare masu saye, in mai kayan a can yake. Tun kafin wannan doka ma, malamanmu na fiƙihu sun karantar da zaɓin aibi, wato wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibin da ba a faɗa masa ba yana da ikon mayarwa. Saboda haka ba alfarma kake roƙo ba.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Kuɗin motar zuwa Kano da dawowa kan iya fin kuɗin wuƙar, kuma masu irin wannan hali da wannan lissafin suke taƙama, sun san za ka gaji ka ce ka bar shi da Allah. Shi ya sa in mai kayan na da rumfa a kasuwa, a Gujungu ne ko a Haɗeja, hanya mafi kusa ita ce shugaban layinsu ko sarkin kasuwa. Ɗan kasuwa na jin kunyar a tsayar da shi gaban abokan sana'arsa fiye da yadda yake tsoron takarda daga Abuja. In kuwa lambar waya ce kawai da hoto, babu shago babu adireshi, to tun kafin ka tura kuɗi ya kamata a yi tambayar: in ta zo da matsala wa zan kama? Ka sa ya amsa a rubuce. Wanda ya fara kame-kame a nan, ka riga ka ga yadda za a ƙare.

A yi wa masu sayarwa adalci kuma. Da yawansu sari suka yi a kwali, ba su da noti ko ɗaya na canji, wanda ya sayar musu ma ba zai saurare su ba. Amma ɗan'uwa mai kaya, wannan tsakaninka ne da dilanka, ba da wanda ya ba ka kuɗinsa ba. Kuma me zai ci maka ka sayi sukurudireba T6 guda ɗaya da kwalbar shuɗin ruwan nan, ka bi kowace wuƙa ka ɗaure kafin ka ba direba? Aikin minti biyu ne, ya raba ka da rabin kiran da kake gudu. Manyan kamfanonin da ke ƙera na asali suna sayar da maƙali da notuna daban, suna kuma ba da garanti, amma garantin ba ya hawa kan jabu, kuma wuƙar da aka buga wa babban suna ana sayar da ita da arhar banza, kun san ko mece ce.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka raina abin da ke hannunmu. Maƙerin garinku zai ƙera maka wuƙa da tsohon sifirin mota, baduku ya ɗinka mata kube. Tana tsatsa in ba a shafa mata mai ba, ba ta naɗewa, ba ta da ƙyalli. Amma ran da ƙotarta ta girgiɗe, ka san ƙofar maƙerar, ka san mahaifin maƙerin, zai karɓa ya gyara yana ba ka haƙuri. Ban ce a daina sayen mai naɗewa ba, ta fi sauƙin ɗauka kuma ba ta tsorata mutane. Ina dai cewa wanda aikinsa na yankan kachala ne ko fiɗar manyan kifi, ta maƙera ta fi masa.

Ga masu shiga ruwa kuma, ko maƙalinka ya fi kowane ƙarfi kada ka dogara da shi a cikin kwale-kwale. Dubi ƙarshen ƙotar, yawancinsu akwai ɗan rami. Na igiya ne. Zura igiyar nailan mai tsawon hannu, ɗaure ɗaya bakin a madaurin wando ko a ramin maɓalli, in ta zame ta tsaya tana reto.

Wanda ya taɓa kai irin wannan ƙorafi wajen shugabannin kasuwa ko hukuma, ya rubuto mana yadda aka kwashe, amma ban da sunan shago ko lambar wani, ba za mu karanta ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, wasa wuƙa za mu taɓa, dutse da magagari. A huta lafiya.