Jawabin Kwamitin Kiwon Kaji: Yadda Za Mu Tsallake Bazara da Burolarmu

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa mambobi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana ta cikar shekarar ƙungiyarmu.

An ba kwamitin kiwon kaji 'yan mintuna, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato zafin bazara da kajin nama, burola. Da yawa a cikinmu da bashin ƙungiya muka sayi 'yan tsaki, kuma da kuɗin kajin nan ake biyan kuɗin makaranta da na asusu. A bazarar da ta wuce, akwai 'yar uwarmu da ta leƙa ɗakin kajinta bayan la'asar ta tarar da manyan a kwance, saura kwanaki kaɗan ta kai su kasuwa. Abin da ta fara faɗa mana shi ne: "Wallahi kullum ina ba su bitamin." Gaskiya ta faɗa. Amma da muka je muka duba, a cikin baƙin tankin roba da ke tsakiyar rana take haɗa bitamin ɗin, ruwan har yana ƙona hannu. Wannan ne ya sa muka zauna muka yi tambaye-tambaye wajen likitocin dabbobi da malaman gona, ga kuma abin da muka koyo.

Da farko mu fahimci halittar kaza. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, kuma ba ta yin gumi kamar mu. Burolar da ta girma ta fi jin daɗi idan zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. To ku duba garuruwanmu daga watan Maris zuwa Mayu, inda a Kano da Sakkwato da Maiduguri rana kan wuce digiri 40. Ɗan tsako na satin farko shi yana son ɗumi, kamar digiri 32 zuwa 35. Wadda zafi ke kashewa ita ce wadda ta kai sati huɗu zuwa sama, ta yi nauyi, gashi ya rufe ta, wadda muka riga muka zuba wa kuɗinmu.

Idan zafi ya dame ta, sai ta buɗe fukafukai, ta buɗe baki tana haki. Hakin nan shi ne fankarta, amma yana da tsada. Yawan numfashi yana fitar da iska daga jininta fiye da kima, sai daidaiton jinin ya lalace. Domin gyarawa, sai ƙodarta ta riƙa zubar da wasu gishirin jiki, irin su sodiyam da fotashiyam, ta cikin kashi. Ga shi kuma ta rage cin abinci, don haka bitamin da ma'adinan da ke cikin abincin ba su shiga jikinta yadda ya kamata. Kun ga asara biyu ke nan: tana zubarwa, ba ta kuma samun na mayarwa. A nan ne ƙarin bitamin da ma'adinai yake da amfani.

Abu na farko shi ne garin da ake kira ilektoralait, wanda ake zubawa a ruwan sha. Aikinsa mayar da gishirin da ya zube, kamar dai ruwan gishiri da suga da muke ba yaro mai gudawa. Yana kuma sa kaza ta ƙara shan ruwa, wanda shi ne babban abin da ke sanyaya jikinta. Masu haɗa abinci da kansu sukan sa bekin soda, kamar giram 200 zuwa 300 a kilo 100, su ɗan rage gishiri. A nan don Allah 'yan uwa a kula sosai, musamman ku na sashen sabulu: bekin soda daban, bekin foda daban, sodar sabulu kuma guba ce, ko kusa da ɗakin kaji kada a ajiye ta. Wasu sun tambaye mu batun kanwa. Kanwa tana da dangantaka da bekin soda, amma ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga yashi da datti, don haka ba ta aunuwa. Ba mu ba da shawarar a jiƙa ta da ka a ba kaji ba.

Na biyu bitamin C. Kaza tana ƙera nata a ƙodarta, shi ya sa a lokacin sanyi ba lallai a saya ba. A lokacin zafi ne abin da take ƙerawa ba ya isarta. Abin da aka saba sawa shi ne miligiram 200 zuwa 250 a kilo ɗaya na abinci, wato giram 5 zuwa 6 a buhu mai kilo 25, kamar cokalin shayi ɗaya ke nan. Tunda ɗan kaɗan ne, sai a fara cuɗa shi da mudu ɗaya na abinci, sannan a cuɗa mudun da sauran buhun. Amma bitamin C ba ya jure zafi da hasken rana, kuma yana saurin lalacewa a cikin ruwa. Idan a ruwa za a bayar, a haɗa sabo kowace safiya a cikin roba ko randa mai tsabta, na jiya a zubar. Abin da ya faru da 'yar uwarmu ke nan: kafin azahar bitamin ɗin ya lalace, ruwan kuma ya yi zafin da kajin suka ƙi sha.

Na uku bitamin E da ma'adinan siliniyam da zink. Waɗannan suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewar da wahalar zafi ke jawowa, suna kuma taimaka wa garkuwar jiki. Suna cikin firimis, wanda aka saba sa kilo biyu da rabi a tan ɗaya na abinci, wato giram 250 a kilo 100. Wadda take sayen abincin kamfani, an riga an sa mata. Wadda take niƙa masara da waken suya da kanta, kada ta ce za ta yi tsimi ta bar firimis. Kada kuma ta ninka shi, domin siliniyam idan ya yi yawa guba ne. Haka gishiri: idan ya wuce kima sai kashi ya yi ruwa, dusar katakon da aka shimfiɗa ta jiƙe, wari ya tashi, cuta ta samu wurin zama.

Akwai kuma abin da muke so kowa ta riƙe idan ta shiga shagon maganin dabbobi. Wasu ledojin da aka rubuta bitamin a jikinsu, akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a haɗe. Wannan na kaza marar lafiya ne, kuma yana da kwanakin da za a jira bayan an daina bayarwa kafin a yanka ko a sayar. Naman nan 'ya'yanmu da maƙwabtanmu ne za su ci, amana ce a wuyanmu. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa, a guji ledar da ta daɗe a rataye a rana. Wadda ba ta iya karanta rubutun ba ta kawo wa sakatariya, ba abin kunya ba ne. Ranar rigakafin Lasota ko Gumboro kuma, a ba da shi da sassafe a ruwa shi kaɗai, ba tare da wani haɗi ba.

Duk waɗannan ba za su yi aiki ba sai an gyara ɗakin. Kaza a lokacin da ba zafi tana shan ruwa kusan ninki biyu na abincin da take ci, a bazara kuwa abin ya fi haka nesa. A ƙara mazubin ruwa, a ajiye ruwan a randa cikin inuwa, a canza shi da rana, wadda ta samu ƙanƙara ta jefa. Narkar da abinci shi ma yana ƙara wa jiki zafi, don haka manyan kaji a ba su da asuba, a ɗauke abincin da hantsi, a mayar bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwano, a ɗage buhunan da ke rufe taga iska ta ratsa. A rage yawansu, kamar 8 zuwa 10 a murabba'in mita ɗaya. Kamu, awo da kai wa kasuwa duk a yi su da sanyin safiya ko da dare.

Daga ƙarshe muna roƙon uwar ƙungiya abu uku. A saya mana ƙaramin sikeli da ma'aunin zafi a ajiye a ofis, kowa ta riƙa ara. A riƙa sayen firimis da ilektoralait a dunƙule tun watan Fabrairu, a raba wa mambobi, ya fi sauƙi kuma an san inda ya fito. Sannan wadda za ta karɓi bashin kiwo ta zauna da kwamiti a lissafa makonnin tare, don kada manyan kajinta su faɗa tsakiyar Afrilu ba shiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mazajenmu da 'ya'yanmu, ku ma da naku aikin: hawa rufi a shimfiɗa zana da ɗebo ruwa da rana tsaka, mun bar muku.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya ba mu ikon biyan bashi cikin mutunci, Ya maimaita mana.