SHIRI NA 14: "Na Yi Afil" Ba Ya Tsayar da Hukunci

Yau kotu za mu leƙa, kuma da labarin kawuna zan fara.

Bara aka yanke masa hukunci a shari'ar fili, ya sha kaye a Babbar Kotun Jiha. Ya dawo gida yana cewa, "Ai na yi afil, ba wanda zai taɓa ni." Bayan 'yan makonni sai ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda sun zo miƙa filin ga abokin shari'arsa. Wallahi ranar na ga dattijo yana hawaye. Kalma ɗaya ce bai gane ba.

To, bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, ɗaukaka ƙara, wato afil. Kana roƙon kotun da ke sama ta duba ko alƙalin ƙasa ya yi kuskure. Ba sabuwar shari'a ba ce. Galibi ba a sake kiran shaidu, takardun shari'ar farko ake bi. Shi ya sa lauya yake rubuta dalilan ɗaukaka ƙara, ya nuna inda aka saɓa doka. "Ban gamsu ba" ba dalili ba ne.

Ta biyu, dakatar da aiwatar da hukunci. Nan kawu ya faɗi. A dokar Nijeriya, afil shi kaɗai ba ya tsayar da hukunci. Sai ka shigar da buƙata daban, kotu kuma ta amince. In ba haka ba, wanda ya yi nasara yana iya neman a aiwatar.

Ta uku, wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku gare ka idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan umarni ne na tsakiyar shari'a. A shari'ar laifi, kwana 90. Ka makara? Akwai neman ƙarin lokaci, amma sai ka kawo uzuri mai ƙarfi.

Ta huɗu, "kotu ta yi watsi da ƙara". A rediyo abu biyu ake kira da wannan. Wani lokaci kotu ta saurari hujjoji ta kori ƙarar, to sai dai afil. Wani lokaci kuma cire ta kawai aka yi saboda kuskuren takardu ko an kai ta kotun da ba ta da hurumi, galibi ana iya gyarawa a dawo. Ka tambayi lauyanka wanne ne.

Ta biyar, abin da kotun sama za ta yi: ta tabbatar da hukunci, ta soke shi, ko ta ce a sake shari'a. Mun gani a Kano. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf. A Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin duka biyun. Daga nan babu gaba, sashe na 235 na Kundin Tsarin Mulki ya ce nata ne na ƙarshe.

Gwamna yana da tarin lauyoyi. Kawuna ba shi da su, haka iyayenmu da yawa. Don haka ku da kuka yi boko, idan aka yanke wa naku hukunci, ku tambayi abu uku tun ranar: kwana nawa ya rage, an nemi kwafin hukuncin, an nemi dakatarwa?

Afil ɗin kawu yana nan ana jira, filin kuwa har an zagaye shi da katanga.

Ku tura wa wanda yake da shari'a a kotu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.