Vladimir Maksimov: Zinariya a Fili, Zinariya a Benci

A duniyar ƙwallon hannu da wuya a sami wanda ya kai Vladimir Maksimov na Rasha. Yana ɗan wasa, ya ci lambar zinariya da tawagar Tarayyar Sobiyet a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, inda suka doke Romaniya a wasan ƙarshe.

Amma aikin da ya fi wannan nauyi shi ne na horarwa. Ya karɓi ragamar tawagar maza ta Rasha lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, kuɗi suka yi ƙaranci, manyan 'yan wasa suka bazu ƙungiyoyin ƙetare neman abinci. Duk da haka ya tattaro su, ya ɗauki kofin duniya a 1993 da 1997, da kofin Turai a 1996. A gasar Olamfik ta Sidni, a shekarar 2000, yaransa suka doke Suwidin da ci 28 da 26, suka ɗauki zinariya. Ya kuma kai ƙungiyar Chekhovskiye Medvedi ga lashe ɗaya daga cikin kofunan ƙungiyoyin Turai a 2006.

Ba kowane gwanin wasa ne ke iya koyarwa ba. Maksimov ya iya duka biyun, kuma ya cancanci yabo.