Horon kare da horon shugaba: jawabin malaman lakwal a babban taron ƙungiya



Mun gode da kunka ba mu wuri mu yi magana, mu malaman lakwal na garin nan. Buron ƙungiya ya ce mu zo mu bayyana shawarar da munka kawo watan jiya, wadda ta ba wasu dariya, ta ɓata ma wasu rai. Shawarar ita ce a kafa reshen samari wanda su da kansu za su riƙe, kuma cikin ayyukansa har da horon kare. Mun ji abin da anka ce bakin kasuwa, wai Mushe ya rasa aikin yi, ya koma wasa da karnuka. Ba mu yi fushi ba. Amma ku saurare mu har ƙarshe, kana ku yanke hukunci. Maganarmu kashi uku ce: inda munka samo dabarar, abin da ya kawo kare ciki, da abin da muke roƙo gare ku.

1. Inda munka samo dabarar

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiyar yara da ake kira 4-H. Cikin waɗanda sunka dasa tushenta akwai malamin makaranta kamarmu, sunansa A. B. Graham. A shekarar 1902, a jihar Ohayo, ya fara tara yara maza da mata bayan an tashi daga aji, yana koya musu gwada ƙasar gona da noman masara. A 1914 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ta kafa aikin malaman gona ko'ina, ƙungiyoyin yaran sunka shiga ƙarƙashin jami'o'in noma. Yau yara wajen miliyan 6 ke cikinta. Alamarta koren ganye ne mai kunne huɗu, kowane kunne da harafin H, don a Ingilishi da wannan harafi kalmomi huɗu ke farawa: kai, zuciya, hannuwa, lafiya.

Ga yadda suke aiki. Yaro ko yarinya, galibi daga shekara 8 zuwa 18, zai zaɓi aiki guda na shekara: maraƙi, kaji, garka, ɗinki, ko kare. Yana da kaye inda yake rubuta abin da ya kashe da abin da ya gani. Ƙarshen shekara ya kai aikinsa bikin nunin amfanin gona, alƙalai su duba, su yi masa tambayoyi gaban jama'a. Shugaba, magatakarda da ma'aji duk yara ne, ƴan'uwansu ke zaɓensu. Babban mutum yana nan, amma a gefe yake zama. Waɗanda sunka kai shekara 14 ko 15 su ke koya ma ƙanana.

Wajen kare kuwa, abin ya wuce wasa. Akwai makarantar da ke horon karnuka masu yi ma makafi jagora, The Seeing Eye, wadda anka kafa a 1929. Tun 1942 take ba yaran 4-H ƴan kwikwiyo su rena a gida. Yaro ya karɓi kwikwiyo mai kamar wata biyu, ya koya masa ladabi, ya saba masa da mutane da motoci da kasuwa, bayan shekara guda da ƴan watanni ya maida shi. Ku duba wannan nauyi: ran makaho zai rataya ga tarbiyyar da yaro ya ba dabba.

Kada ku ce wannan abin Nasara ne. Iyayenmu da ke zaune nan sun san Samariya. Tun kaka da kakanni kowane gari na da sarkin samari da muƙarrabansa, su ke kiran gayya, su ke tarbon baƙi. Zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an raya Samariya cikin ƙasa duka, samari sunka gina azuzuwa, sunka share gari, sunka dasa itatuwa. Wasu cikin dattawan da ke riƙe da buron ƙungiyar nan can sunka koyi magana gaban jama'a. Yau wannan makaranta ta rufe. Abin da ya rage ma ƙannenmu shi ne fada da butar shayi, kana tafiya biɗa, Najeriya ko Libiya ko ramin zinariya. Ba lalacewa sunka yi ba. Ba mu ba su komai su riƙe ba.

2. Abin da ya kawo kare ciki

Dalili na farko, lafiya. Kun tuna bara da kare ya ciji ɗalibinmu hanyar rijiya. Babu wanda ya san mai karen, babu wanda ya san ko an taɓa yi masa lamba. Uban yaron ya saida akuya don kuɗin mota da allurai, Allah ya sa yaron ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon sunka bayyana, kusan ba a tsira. Amma tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro na farko da allurar riga-kafi. Masana sun nuna in anka yi ma karnuka 70 cikin 100 lamba, ciwon ya daina yawo. To, wa zai riƙe kare a yi masa lamba, in karen bai san igiya ba, bai san kira ba?

Dalili na biyu, amfani. Malamanmu sun fi mu sani, addini ya yarda da kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Mafarautanmu sun iya horon kare, makiyaya ma haka. Karen Azawak mai dogayen ƙafafu, ɗan ƙasarmu, tun shekarun 1970 anka kai shi Turai, ana alfahari da shi can. Mu nan jifa muke binsa da ita.

Dalili na uku shi ne babba, kuma don shi munka tsaya gabanku. Ga yadda ake horon kare. Ana farawa tun yana kwikwiyo, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasi gajere ne, minti 5 zuwa 10, amma kullum. Umurni guda, kalma guda: zo, zauna, tsaya, bari. Ba a sake kalmar gobe. In ya yi daidai, nan take a ba shi lada, ɗan tuwo ko shafar kai, don in an jinkirta bai san abin da anka yaba ba. In ya kuskure, a sake daga farko. Ba a duka, don karen da ake duka tsoro yake koyo, kuma kare matsoraci shi ke cizo. A saba masa da awaki da kaji da yara tun da wuri.

Yanzu ku sake jin wannan, ku cire kare ciki. Magana guda, ba a sake ta gobe. Yabo kan lokaci. Haƙuri da mai kuskure. Zuwa kullum, ko an gaji. Ashe ba halin shugaba na gari ke nan ba? Kare ba ya jin tsoron sunan ubanka, ba ya karɓar toshiya. Saurayin da ya sa kare ya zauna ba da sanda ba, ya koyi abin da mu kanmu malamai muke faman koyo cikin aji.

3. Abin da muke roƙo

Na ɗaya, ku yarda a buɗe reshen ga yara maza da mata, daga shekara 10 zuwa 18. Ba dole kowa ya ɗauki kare ba. Mai son jar akuya ta ɗauka, mai son garka ko renon itace don dashen 3 ga Agusta ya ɗauka. Amma kowa da kayensa.

Na biyu, su zaɓi shugabansu, magatakarda da ma'aji da kansu, na shekara guda. Dattijo ɗaya, uwa ɗaya da malami ɗaya su zauna gefe, su ba da shawara in an tambaye su.

Na uku, kuma mun san nan ne gardama take: ku bar musu kes. Kowane mamba ya zuba dala 10 a mako. Kowane ƙarshen wata ma'ajinsu ya karanta lissafi gaban wannan taro. An ce mana yaro zai ci kuɗin. Yana yiwuwa. Amma gara ya yi kuskure kan jika biyu muna kusa, mu gyara masa, da ya yi shi kan kuɗin ƙungiya duka ranar da ba mu nan.

Na huɗu, aikinsu na fari su ƙirga karnukan gari gida gida, su kai takarda ga ma'aikatan kiwo, su nemi a zo lamba, in da hali ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Su kuma bi gida gida su gaya ma iyaye mata: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ranar nan, kada a jira.

Iyayenmu, wata rana waɗannan yara za su zauna kan tabarmar da kuke zaune, ko mun shirya su ko ba mu shirya su ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku ba su shekara guda. In kaka ta zo, su kawo karnukansu da awakinsu da kayensu nan filin, ku duba da idonku. In babu amfani, mu za mu fara cewa a rufe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya.