Karan hanci ya ƙara faɗi bayan tiyata ta biyu: mene ne abin yi?

 Yau zan yi magana ne a kan wanda aka yi wa tiyatar gyaran hanci, bai gamsu ba, ya koma aka sake, sai kuma ya ga karan hancin ya baje fiye da da. Masu zuwa Turkiyya ko Masar ko Indiya domin wannan aiki, ku matso kusa. Saƙona ɗaya ne: kafin a sake sa wuƙa, a gano abin da ya jawo faɗin, domin kowane dalili da irin gyaransa.

To, bari mu fara da yadda hancin yake. Sama, tsakanin idanu, ƙashi ne guda biyu da suka jingina da juna kamar rufin kwano mai tsini. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne. Idan likita ya kankare tudun da ke kan karan hanci, tamkar ya sare tsinin rufin ne, saman ya zama shimfiɗaɗɗe da rata a tsakiya. Dole ya yanka ƙasusuwan ta gefe ya matso da su su haɗu. In bai yi ba, ko yankan bai kai ƙarshe ba, ƙashin yakan koma inda ya fito. Wannan shi ne dalili na farko.

Na biyu, kumburi da tabo. Duk tiyatar da aka ƙara tana barin tabo a ƙarƙashin fata, kuma masu kaurin fatar hanci, irin da yawa daga cikinmu, kumburinsu ya fi daɗewa. Shi ya sa likitoci ke cewa a jira aƙalla wata 12, wani lokaci har 18, kafin a yanke hukunci. Abin da kike gani a madubi a wata na uku, 'yar'uwa, ba shi ne hancinki na ƙarshe ba.

Na uku kuwa, ƙila karan ne aka rage wa tsayi da yawa. Hancin da ya kwanta yakan zama kamar mai faɗi ko da ƙashin bai motsa ba.

To ina mafita? In ƙashi ne, sai a sake yanka shi a matso da shi, a ɗora abin tallafi na kusan mako guda, ƙashin ya ɗauki wajen mako shida yana kamawa, a kuma guji ɗora tabarau a kansa. In tabo ne, wani lokaci likita yakan yi allurar sitiroyid kaɗan-kaɗan, ba sai an yi tiyata ba. In kuma tsayi ne ya yi ƙasa, sai a ɗaga karan da guringuntsi. Galibi na bangon tsakiyar hanci an riga an cinye shi a aikin baya, don haka akan ɗebo daga kunne ko haƙarƙari.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na ɗaya, numfashi. Can ciki akwai wata 'yar matsattsiyar hanya da iska ke bi, in aka matse hanci fiye da ƙima sai ta toshe, mutum ya koma kwana da baki buɗe. Na biyu, allurar ciko da ake kira fila. A hancin da aka taɓa yi wa tiyata hatsarinta ya fi yawa, domin tana iya toshe jijiyar jini, fata ta mutu, har ma a rasa gani. Kada ku yarda a yi muku ita a shagon kwalliya.

Idan za ku ga likita, ku nemi wanda ya saba da gyaran aikin da ya ɓaci, ku tafi da rahoton tiyatocin baya da hotunanku na asali. Ku tambaye shi kai tsaye: ƙashi ne, tabo ne, ko tsayi? Me zai faru da numfashina? Wa zai duba ni in na koma gida? Masu shan sigari ko shisha kuma a ajiye, domin suna hana rauni warkewa.

Nan zan dakata. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.