Riƙon maraya sai da haƙuri



Yau ba zancen taki ko na iri na kawo muku ba. Zancen riƙon yaro ne, kuma da kaina zan ba da misali.

Cikin yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, muka baro arewacin Dakwaro. Uwata ta rasu bisa hanya, ina ɗan shekara 9. Wani tsoho manomi na ƙasar Maraɗi ya ɗauke ni, ba dangin iya ba na baba.

Ban yarda da shi ba. In an ba ni tuwo, sai in ɓoye rabi cikin riga. Bakin ƙofa nike kwana don in samu gudu. In ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai in kare kaina. Tsoho yana gani, bai ce uffan ba. Matarshi kawai ya ce ma ta riƙa barin sauran tuwo inda hannuna zai kai.

Da damanar 1985 ta faɗi, ya ba ni ƙaramar hauya. Ranar farko na sare hatsi tare da haki, layi biyu, ga iri da wuya wannan shekara. Na gudu na laɓe bayan wata kuka, ina jiran bulala. Sai ga shi da ƙwaryar fura. Ya ce: "Sha, ɗana. Ni ma haka na koya. Taso in gwada maka."

Ya yanka mini gamana gefen gonarshi. Da kaka na samu dami uku. Ya ce: "Naka ne, ba mai taɓawa." Wannan dare na kwana cikin ɗaki, da safe na ce mishi Baba. Shekara guda ya yi yana jiran wannan kalma.

Ƴan uwa, daga 2019 ƴan gudun hijira da yawa sun shigo ƙasar Gidan Runji daga Najeriya, cikinsu da marayu. Wanda Allah ya ba riƙon irin wannan yaro ya kiyaye abu uku. Kar ya ce mishi ɓarawo don ya ɓoye abinci, tsoron yunwa ne. Kar ya tsananta mishi da tambaya. Ya ba shi abin da zai ce nashi ne, ko kaza ce.

Allah ya ji ƙan Baba, ya ba mu damana mai albarka.