Ido Ma Yana Zuwa Makaranta



Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, wa ya koya masa kimar? Abin da mutum ke kira kyakkyawa, horo ne ya samu, ko a gida ko a makaranta.

Mu dubi makarantun da muka gada. Yaron baduku yakan daɗe yana kallon yadda ake haɗa jar fatar akuyar Sakkwato da baƙi da kore kafin a miƙa masa basilla. Mai koyon ɗinki tun yana ƙarami yake rarrabe aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga. Almajirin da ya yi sauka kuwa, allon zayyana ake riƙa masa. A waɗannan wurare aka koyi daidaito, da dacewar launi, da sanin inda hannu zai tsaya.

Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Amma a kwana a tashi, darasin zane a makarantun boko ya karkata ga kwaikwayon Turawa, har yaro yakan fito yana ganin zanen ƙwaryar mahaifiyarsa ƙauyanci ne. A 1958 waɗansu ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ƙi yarda da haka. Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da abokansu suka ce a ɗauki dabarun waje a haɗa su da zanen gida.

Wannan magana ta shafe mu, domin a teburinmu za a ajiye taswirar ofis da asibiti da kasuwa, mu sa hannu. Wanda idonsa bai san na gida ba, zai rushe soro mai sanyi ya kafa kwano mai zafi, yana cewa ci gaba ne.

Saboda haka muna kira da a gayyaci dukawa da magina da maɗinka su koyar a firamarenmu na Tambuwal da Kebbe. Mu kuma idan mun je hutu, mu zauna da su, mu rubuta sunayen zane-zanensu da ma'anarsu tun suna raye.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.